An ba ni gurbin mastas na saikoloji a Ingila, Baba zai sayar da fili: ku ba ni shawara

Rukayya Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa da iyayena na wannan zaure. Digirina na farko a tsangayar ilimi na yi shi, ɓangaren jagoranci da ba da shawara, kuma na gama bautar ƙasa. Yanzu wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin mastas na shekara ɗaya a ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, irin kwas ɗin da ake yi wa waɗanda ba saikoloji suka karanta tun farko ba. Kuɗin makarantar ya kusa fam 18,000. Baba ya ce zai sayar da filinsa na hanyar Kalambaina ya biya. Burina in dawo in riƙa duba masu damuwar ƙwaƙwalwa, musamman matan da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni da Goronyo. Na zauna da wasunsu, akwai wadda ko babur ya wuce da daddare sai ta miƙe ta nufi ƙofa da goyonta. Waɗanda suka san hanyar nan, don Allah me kuke gani?

Bashar Arkilla: Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, Dakta Rukayya tun yanzu! In an tashi rabon tsaraba kar a manta da mu.

Maman Iman: Bashar ka bar kiranta dakta tukuna, don a nan maganar take. Ƙanwata, ni wannan kwas ɗin na yi, kuma har yanzu ina Ingila. Ki buɗe takardar gurbin ki duba ko ƙungiyar BPS, wato ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya, ta amince da kwas ɗin. In ta amince, abin da za ki fita da shi sunansa GBC. Shaida ce kawai cewa yanzu kin yi daidai da wanda ya yi digirin farko a saikoloji. Ba ta ba ki ikon zama da marar lafiya ki yi masa magani. Takardar mallakar fili daban, izinin gini daban.

Mai son a kira shi masanin halayya na asibiti a ƙasar nan sai ya yi wani digirin dakta na shekara 3, sannan HCPC, hukumar da ke rajistar ƙwararrun fannin lafiya, ta yi masa rajista. Sunan ma doka ce ke tsare da shi, ba a ɗaukarsa haka kawai. Wannan digirin hukumar lafiyarsu ta NHS ce ke biyan kuɗinsa, har albashi take ba ɗaliban, shi ya sa mafi yawan guraben na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama. 'Yan jami'o'i kaɗan ne ke karɓar baƙo ya biya da aljihunsa, kuma kuɗin shekara uku ne, ba na ɗaya ba. Kafin a kai nan ma sai kin nuna kin yi aiki da marasa lafiya a ƙarƙashin ƙwararre, aikin da su kansu 'yan ƙasar suke layi a kansa.

Rukayya Mabera: Innalillahi. Anti, wakilin da ya nemo min gurbin cewa ya yi da na gama zan iya aiki a kowane asibiti.

Maman Iman: Shi kamasho yake karɓa daga makarantar a kan kowane ɗalibin da ya biya. Ki rubuta wa sashen da kanki ki tambaye su kai tsaye: shin wannan kwas yana kai mutum ga rajistar HCPC? Za su amsa miki, ba sa ɓoyewa.

Kawu Ɗan Ige: Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma lissahin kuɗi na sani. Fam guda nawa a kasuwa yanzu? Shina wasa da naira 2,000. Wanga kuɗi da kinka hwaɗi ya kai miliyan 36, ba a ci ba, ba a sha ba, ba a biya haya ba. Hilin Kalambaina shi kaɗai zai ɗauke wanga kaya? Ɗiyata, ki tambayi mahaihinki mi za a saida in kuɗin hili sunka ƙare tsakiyar shekara.

Maman Iman: Kawu ya taɓo wurin. Bayan kuɗin makaranta, ofishin biza na son ganin kuɗin zama sama da fam 1,100 na kowane wata har wata 9 in ba a Landan makarantar take ba, kuma su kwana 28 a asusu ba su ragu ba. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara, ga kuɗin biza da ya haura fam 500, ga gwajin tarin fuka a Abuja ko Legas, ga jirgi. Ki tara duka, za ki ga kin doshi miliyan 60. Kuma kar wani ya ce miki ai za ki yi aiki ki biya. Awa 20 a mako doka ta yarda ɗalibi ya yi lokacin karatu. Mafi yawanmu gidan kula da tsofaffi muke kwana, ka fito ƙarfe bakwai na safe ka wuce aji da ido jawur. Haya da cefane yake biya, ba ya biyan makaranta.

Nura (Amurka): Salam. Nan dare ne, sai yanzu na fito daga ɗakin bincike na ga muhawarar. Rukayya, bari in faɗi yadda abin yake a nan, don na san wani zai ce to ta juya Amurka mana.

A nan, wanda ke son sunan masanin halayya da lasisi, digiri na uku ake yi. Iri biyu ne. Akwai PhD, wanda bincike ya fi yawa a ciki, kuma galibi makaranta ce ke ɗauke kuɗin karatu ta riƙa ba ka ɗan alawus kana koyar da 'yan aji ɗaya ko kana taya farfesa bincike. Akwai PsyD, wanda duba marasa lafiya ya fi yawa, amma mafi yawansa kai za ka biya, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin filin Baba. Saboda haka mu talakawa PhD muke bi, shekara 5 zuwa 7.

Abin da mutanenmu ba su cika ganewa ba shi ne, ba makaranta kake nema ba, malami kake nema. Farfesa ɗaya ne zai ce ina da kuɗin ɗaukar ɗalibi bana, kuma wannan nake so. Ɗaruruwa ke nema, waɗanda ake ɗauka a sashe ɗaya ba su cika wuce a ƙirga da yatsu ba. Abin da yake dubawa: ka taɓa yin bincike na gaske? Ka iya ƙididdiga? Tambayar da ke damunka ta yi kusa da tasa? Digiri mai daraja ta ɗaya ba ya wadatarwa in waɗannan babu. Ana rufe karɓar takardu wajen farkon Disamba, a yi ganawa a Janairu da Fabrairu, wanda aka ba gurbi da tallafi yana da har 15 ga Afrilu ya amsa. Wasiƙun shaida uku ake so daga malaman da suka san aikinka, ba irin wadda ake rubuta "yaro ne mai ladabi" a buga hatimi ba. Wasu makarantun kuma sai kamfani irin WES ya tantance sakamakonka, kuma daga jami'arka kai tsaye suke son a aiko. Ki fara bin wannan tun da wuri, kowa a nan ya san yadda fayil ke kwanciya a ofis.

Bashar Arkilla: Shekara bakwai! Malam Nura, ashe sai da furfura za ka dawo mana. In ma za ka dawo.

Nura (Amurka): Bashar, ban ma gama ba ka labarin ba. Shiga daban, fita daban. Shekarar ƙarshe dole ka yi aikin sanin makama na shekara guda a asibiti, kuma ta wani tsari na ƙasa baki ɗaya ake rarraba ɗalibai, ana ce masa APPIC. Daga cikin manyan wuraren da ke ɗaukar mutane akwai asibitocin tsofaffin sojoji, su kuwa sai ɗan ƙasa. Kafin ka fara nema an riga an rufe maka ƙofofi da yawa. Sannan bizar ɗalibi ta F-1 tana da tarko: duk aikin da za ka yi a wajen makaranta sai da izinin da ake kira CPT, kuma in ka cinye wata 12 cif kana aikin cikakken lokaci da shi, ka rasa izinin aikin shekara guda na bayan kammalawa, wato OPT. Alhali jihohi da yawa suna son ƙarin awannin aiki bayan digiri, ga jarrabawar EPPP, kafin su ba da lasisi. Na san wanda kwana biyu kacal suka shiga tsakaninsa da rasa wannan izinin, sai da ma'aikaciyar ofishin ɗaliban waje ta zauna da kalanda ta gyara masa ranakun.

Ita kanta bizar, a Yulin 2025 an mayar da ta 'yan Najeriya shiga ɗaya, wata uku. Ma'ana, a wancan tsarin, in ka zo gida jana'iza ko biki, sai ka sake neman wata kafin ka koma. Kuma dokokin sai ƙara tsanani suke. Duk mai niyyar nan ya duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadanci kafin ya kashe ko dala ɗaya a kuɗin fom.

Ustaz Mu'azu: Ni tambayata daban ce. Ilimin da aka gina a kan maganganun Freud, mutumin da ya ɗauki addini ruɗu ne, shi za a sayar da fili a je a ɗebo a kawo wa matan Sabon Birni? Sannan mace ita kaɗai, babu muharrami. A yi tunani.

Dakta Sambo: Allah ya gafarta Malam, Freud ya rasu tun 1939, kuma yau a sassan saikoloji a darasin tarihi aka fi jin sunansa. Amma damuwarka ba sabuwa ba ce, kuma ba ta banza ba ce. Farfesa Malik Badri, ɗan Sudan, ya rubuta littafi a 1979 a kan wannan tsaka-mai-wuya da Musulmin masanin halayya yake shiga, ya kuma daɗe yana koyarwa a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Malesiya, can ya rasu a 2021. Shi ne ya fassara aikin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, wanda ya yi bayanin baƙin ciki da tsoro da waswasi, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke faɗo wa mutum babu dalili, ya kuma nuna yadda ake magance tunani da tunani. Saboda haka fannin ba baƙonmu ba ne. Abin da ake buƙata mutum ya je da tankaɗe da rairaya.

Maganar muharrami kuwa tsakaninta da iyayenta ne da malamansu, amma ga abin da doka ta ce: tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu mastas na aji tafiya da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ko da aure gare ta, mijin ba zai bi ta a wannan bizar ba.

Nura (Amurka): Tankaɗe da rairayar nan gaskiya ne, Dakta. A nan duk zaman da ɗalibi ya yi da marar lafiya ana ɗauka a bidiyo, da izininsa, sai mai duba aikinka ta zauna da kai ku kalla. Wata rana dattijo ne a gabana, manomi, sa'an kakana. Tana kallo ta tsayar da bidiyon, ta ce me ya sa kake sunkuyar da kai duk lokacin da yake magana, zai ɗauka ba ka saurarensa ko kana jin tsoronsa. Na ce a garinmu yaron da ya ƙura wa dattijo ido ba shi da tarbiyya. Ta yi shiru, ta rubuta, ta ce to amma shi wannan dattijon ba ɗan garinku ba ne. Ta yi gaskiya. Sai dai tun ranar nake tunanin ranar da zan dawo in zauna da tsoho a Wurno ina kallon tsakiyar idonsa kamar yadda aka hore ni. Haka gwaje-gwajen auna basira da muke haddacewa: da mutanen nan aka auna ma'auninsu. Ka ɗauka ka gwada yaron da allo ya yi, bai taɓa riƙe fensir yana haɗa zane da agogo a kansa ba, sakamakon zai ce maka yaron na da matsala, alhali ma'aunin ne bai san shi ba.

Sista Hauwa: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren ƙwaƙwalwa, kun san dai asibitinmu na Kware shi ne na wannan yanki. Rukayya, ga yadda marar lafiya ke zuwa mana. Ba ita kaɗai take shigowa ba. Miji ne, da uwar miji, da ƙanin uba, wani lokacin har da mai unguwa. An riga an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an sayar da akuya, sai da abin ya gagara aka ɗauko mota. Ka tambaye ta me ke damunki, mijin ne zai amsa. Ita tana rufe da mayafi tana kallon ƙasa. In ka ce kowa ya fita, an ɓata. In ka bar su, ba za ta faɗi cewa tun ranar da aka kashe wanta a gabanta ba ta yi barci ba. Dabarar da za ki aiki uwar miji sayen kati, ki sa mijin ya je ya kawo ruwa, ki samu minti biyar da ita, wannan babu jami'ar Ingila da za ta koya miki.

Ba ina kushe karatun waje ba ne, muna matuƙar buƙatar masu ilimin. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, masana halayya sun fi su ƙaranci, magani ake ba mutane su tafi, babu mai lokacin zama ya saurare su. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar 1958 ake aiki. Aikin yana nan jibge. Amma ki zo ki gan shi da idonki kafin ki zaɓi karatun da za ki yi dominsa.

Dakta Sambo: Sista ta tuna min da Farfesa Thomas Adeoye Lambo. A Birtaniya ya yi karatunsa, amma da ya dawo Aro ta Abeokuta a shekarun 1950 sai ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama.

Rukayya, ga shawarata a matsayin malaminku. Jami'o'in gida suna da wannan fanni tun tuni, Nsukka ta buɗe sashenta a 1964, ga Ibadan, ga Jos. Ki nemi mastas na ɓangaren asibiti a gida. Tunda daga tsangayar ilimi kika fito, mai yiwuwa su ce ki fara da difloma ta bayan digiri, ki yi. A nan za ki samu zama da marasa lafiya da Hausa, abin da kwas ɗin Ingilan ba zai ba ki ba ko na awa ɗaya. Ki yi bincikenki a kan matan nan da kika ambata, da izinin kwamitin ɗa'a, ki buga ko da takarda ɗaya ce a mujalla mai mutunci. Ranar da za ki rubuta wa farfesa a waje, ba roƙo za ki je yi ba. Kina da abin da ba shi da shi: harshen mutanen, da amincewarsu, da bayanan da ba zai iya zuwa Goronyo ya tattara ba. A irin wannan ne ake samun digiri na uku da kuɗin wasu.

Ni a Malesiya na yi nawa digirin na uku da tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Ko can ba wasa ba ne, sai da na buga takardu a mujallun da suka yarda da su kafin a ba ni ranar kare kundi. Kuma waɗanda faɗuwar naira ta 2023 ta riska a waje sun ga tashin hankali, kuɗin da aka ware musu ya narke a hannu. Daga baya ma asusun ya dakatar da tura sababbin malamai waje.

Maman Iman: Dakta, da girmamawa, kar kuma a mayar da kwas ɗin kamar shara. Ni a shekara ɗayan nan na koyi abin da ban samu a shekara huɗu ba. Aikina na farko malamar ta dawo min da shi ta rubuta a gefe: kin faɗi abin da mutum goma suka ce, ke me kika ce? Mu da aka saba mana da haddace littafin malam mu mayar masa. A nan na koyi karanta bincike in gano inda ya yi rauni, na koyi sarrafa alƙaluma da kwamfuta. Kuma a gida ga yajin aiki, mastas na wata 18 ya koma shekara huɗu. Abin da nake cewa kawai, kar a sayar da fili dominsa. In tana son Ingila ta nemi Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, su ke biyan komai, sharaɗinsu aikin shekara 2 kafin nema da komawa gida shekara 2 bayan gamawa. Ko tallafin Commonwealth. Ta yi aikin shekara biyun a inda Sista ta ce, ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Dakta Sambo: Ban musa ba, Hajiya. Yajin aikin ma ni ya fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Bashar Arkilla: Duk kun yi magana mai kyau, amma ni tambayata ɗaya ce ga Malam Nura da Maman Iman. Ku da kuka tafi da niyyar dawowa taimakon al'umma, yaushe za ku dawo? Kowa da wannan waƙar yake tafiya.

Nura (Amurka): Tambayar ta yi zafi amma halal ce. Lasisin jihar da nake ba ya aiki a Sakkwato, albashin da zan samu a gida kuma ba zai biya ko kuɗin taron ƙara wa juna sani ɗaya ba. A ɗaya gefen, ga mahaifiyata, ga azumin da nake buɗe baki ni kaɗai da dabino a ɗakin kwamfuta. Bayanan kundina daga gida nake tattara su, da gangan na zaɓi haka don igiyar kar ta tsinke. Iyakar abin da zan iya ce maka ke nan yau.

Bashar Arkilla: Wato dai ba rana.

Kawu Ɗan Ige: Bashar bar shi hakanan, kowa shi san inda takalmi ka cizo nai. Rukayya, mahaihinki abokina na tun muna Kasuwar Daji. In munka haɗu masallaci Juma'a ni ka yi mai magana shi dakata da dillalai.

Rukayya Mabera: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, BPS ta amince da kwas ɗin, amma babu inda aka ambaci HCPC. Sun ce in biya kafin alƙalami cikin mako biyu in ina son gurbin. Na aika musu imel ina tambaya ko za a iya ɗage min zuwa baɗi. Sista Hauwa, zan biyo ki ta akwatin sirri.

Dakta Sambo: Kar ki biya ko sisi sai kin karanta sharaɗin mayar da kuɗi in biza ta ƙi. Sannan ki rubuta min shafi biyu: wace tambaya kike son amsawa game da matan nan, su nawa za ki iya samu, a wace unguwa, wa zai ba ki izinin zama da su, kuma in wata ta fashe da kuka a tsakiyar hira ina za ki kai ta. Ki turo kafin Litinin. Kar ki fara da "tun ina ƙarama nake sha'awar taimakon mutane", kowa haka yake rubutawa.

Aminu Gwadabawa: Salam, yanzu aka saka ni a zauren. Don Allah akwai wanda ya yi saikoloji a Turkiyya da tallafin gwamnatinsu? Na ji sai an yi shekara guda ana koyon harshensu kafin a fara.